Filin Mata: In Wuya Ta Zo, Me Mu Ke Roƙo?

Da na yi niyya yau mu yi zancen tanadin hatsi kafin bazara, amma wata takarda ta iso mini daga wajen Kafanchan, na karanta ta har sau uku, na kasa ajiye ta. Zancen hatsi sai wani jiƙon.

Mai takardar ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Ga abin da ta ce a taƙaice. Mijinta ɗan acaɓa ne, 'ya'yansu huɗu. Tun ran 29 ga watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, abin da ya ke kawowa gida ya tsuke, gama litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa har ta wuce naira 1,000. Ita tana da keken ɗinki, ta kan taɓa ɗinkin kayan yara, da haka su ke rufa wa juna asiri. Bana maigidan ya yi haɗari ya karye a ƙafa, wata biyu ke nan yana kwance. Bashin mai shago ya taru, kuɗin haya ya zo.

Mutum biyu suka kawo mata shawara. Wata ƙanwar mijin da ke Abuja ta ce a ba ta babbar 'yar, mai shekara 13, ta kai ta aikin gida wurin waɗansu masu hali, a riƙa aiko da kuɗi kowane wata. Wani kuma mai gidan addu'a a unguwarsu ya ce ta sayar da keken ta kawo masa kuɗin, wai iri ne za ta shuka, kafin kwana 21 Allah zai mayar mata riɓi goma. Ta yi azumi kwana 7 tana roƙon Ubangiji ya buɗe mata ƙofar kuɗi, shiru ka ke ji. Shi ne ta ke tambaya, Allah ya juya mata baya ne, ko kuwa ɗaya daga cikin shawarwarin nan ita ce ƙofar da ya buɗe ita ce ba ta gane ba?

Yaya, ni yarinya ce a gabanki. Ban yi aure ba tukuna, ban san nauyin 'ya'ya huɗu ba, shekarata uku kawai da fita kwalejin horon malamai. Amma tun da kin tambaya, bari in fara tona asirin kaina, don kada ki zaci daga bisa na ke magana.

Shekarar da na fara koyarwa, makarantar da ta ɗauke ni ta riƙe mana albashi wata uku. Ina zaune a ɗakin haya ni kaɗai, kunya ta hana ni faɗa wa iyayena, gama su ne suka sayar da akuya suka biya mini kuɗin makaranta, suna jira su ga amfani. Kowane dare ina durƙusawa ina cewa, "Ya Ubangiji, kuɗi, kuɗi." Ran nan na tashi daga addu'a, na ɗauki waya, sai ga tallar masu ba da rance, wai cikin minti biyar, ba jingina, ba shaida. Na ce, "Ashe Allah ya ji!" Na karɓi naira 20,000. Kafin mako biyu ruwan kuɗin ya hau, albashi bai zo ba, na ci wani rancen don in biya na fari. Rana ɗaya na makara, sai suka aika wa duk wanda sunansa ke cikin wayata saƙo, wai ni ɓarauniya ce. Shugaban makarantarmu ya samu. Fastonmu ya samu. Babana ma ya samu, a can ƙauye, wani yaro ya karanta masa.

Ran Lahadi na ƙi zuwa sujada. Da yamma sai ga wata tsohuwa ta zumuntar mata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ta zo da ƙwaryar acca a kanta. Ta zauna bakin gado, ta bar ni na yi kuka na ƙoshi, sa'an nan ta ce, "'Yata, da ki ke addu'ar nan, me kika roƙa?"

Na ce, "Kuɗi, Mama."

Ta ce, "To, ai kin samu. Hankalin da za ki san kuɗin da a ke karɓa da wanda ba a karɓa fa, kin roƙa?"

Ban amsa ba, gama ban roƙa ba. Bai ma zo mini a rai cewa abin roƙo ne ba.

Tun daga ran nan na ke lura da addu'o'inmu mu mata, a zumunta da gida. Muna roƙon lafiya, muna roƙon abinci, muna roƙo a kawar da wahala, duka kuwa daidai ne, Ubangijinmu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma da wuya ki ji mace ta ce, "Ya Allah, ga wahala ta zo, ban san abin da zan yi cikinta ba, nuna mini." Alhali kuwa sau da yawa ɓarnar da wahala ta ke yi ba ta kai ta shawarar da muka yanke a gigice ba. Albashina ya zo daga baya. Sunana da ya ɓaci kuwa ya fi shekara kafin ya gyaru.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya ke hannunmu dukansa da Hausa, ba mu da hujjar cewa ba mu ji ba. Ku buɗe Wasiƙar Yakubu, sura ta fari, ku karanta daga aya ta 2 zuwa ta 8. Mutanen da ya rubuta wa a warwatse su ke, yawancinsu matalauta, har ya yi zancen masu gonaki da su ke danne musu ladan aiki. Ya fara da maganar gwaji da jimiri, nan da nan kuma, ba tare da ya sake zance ba, ya shiga maganar wanda hikimarsa ta gaza, ya ce a roƙi Allah. Dā ina karanta ayoyin nan kamar batutuwa biyu ne dabam. Ashe ɗaya ne. Yakubu ya sani lokacin wuya ne hankali ya kan gudu. Abin da ya fi faranta mini rai a wurin shi ne, ya tabbatar mana Allah ba ya gori. Mu kan guji tambayar mutane don kada a ce, "Ke da iliminki?" ko "Ai mun faɗa miki." A gaban Allah ba wannan. Sharaɗi ɗaya ya kafa, mai roƙo kada ya sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can. A ganina wannan ya haɗa da macen da ta riga ta yanke shawara a zuci, sa'an nan ta durƙusa tana neman Allah ya buga mata hatimi. Haka na yi da rancen nan.

Kada kuma mu ruɗa hikima da 'yan'uwanta. Ilimi dabam, gama ina da takardar shaidar malanta sa'ad da na faɗa rami. Wayo dabam, shi ne na Gizo, kullum ya ci yau gobe a kama shi. Hikima ita ce mace ta ga abin da ke gabanta yadda ya ke, ta san abin da ya dace da mai tsoron Allah, ta kuma iya yinsa a kan lokaci. Sa'ad da Allah ya bayyana ga Sulemanu cikin mafarki a Gibeyon, abin da ya roƙa ke nan, ya bar dukiya da tsawon rai. Ku lura kuwa, shari'ar fari da aka ba mu labari bayan wannan ba ta sarakuna ba ce, ta mata biyu ce da ke zaune gida ɗaya suna jayayya a kan jariri. Watau al'amarin ɗakinki bai yi wa hikimar Allah ƙanƙanta ba.

Amma labarin da na ke so ki riƙe, Yaya, yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4, don kamar ke aka rubuta wa. Wata mace ce mijinta ya mutu ya bar ta da bashi. Mijin nan mai tsoron Allah ne, cikin ƙungiyar annabawa ya ke. To, kin ga amsar tambayarki ta fari: bashi ya kan shiga gidan masu ibada, ba alamar Allah ya juya baya ba ce. Mai bin bashi kuwa yana tafe ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa.

Dubi abin da ta yi. Ba ta rufe ɗaki ta haɗiye abin ita kaɗai ba, ta tafi wurin Elisha ta faɗa masa kome, har da abin kunyar. Shi kuwa bai fara da alkawari ba, tambayarta ya yi abin da ta ke da shi cikin gida. Ta fara da cewa ba kome, sa'an nan ta tuna da ɗan mai a tulu. Haka wahala ta ke yi mana, ta kan rufe ido ga abin da ya rage, sai abin da ya tafi mu ke gani. Ya aike ta wurin maƙwabta aron tuluna, ba kaɗan ba. Ku yi tunani, mace mai bashi tana bin gida gida tana sallama, kowa ya san halin da ta ke ciki. Ta shiga ɗaki da 'ya'yanta, suka rufe ƙofa, su suna miƙo tuluna ita tana zubawa, har tuluna suka ƙare, man ya tsaya. Ko a nan ba ta yi gaban kanta ba, ta koma ta sake neman shawara. Aka ce ta sayar, ta biya bashin tukuna, ita da 'ya'yan su ci saura.

Lalle al'ajibi ne, ba na musu, ba kuwa na yi miki alkawari man gyaɗarki zai yi ta zuba. Amma cire al'ajibin gefe ki ga abin da ya rage: faɗin gaskiya ga wanda ya dace, ƙirga abin da ke hannu, neman taimakon maƙwabta, aiki tare da 'ya'ya, ciniki a kasuwa, biyan bashi kafin cin daɗi. Duk waɗannan suna hannunki yau. Abu biyu kuma ba su cikin labarin. Ba a rabu da yara ba. Annabin kuma bai ce ta kawo masa tulun man ba. A sura ta gaba ma, da Na'aman ya warke daga kuturta ya kawo masa azurfa da zinariya da riguna, ƙi ya yi, baransa Gehazi da ya bi bayan kayan a ɓoye shi ya kwashi kuturtar.

Saboda haka zancen keke ba ni da shakka a kansa. Kada ki sayar. Keken nan shi ne tulun manki. Baiko abu ne mai kyau, gwauruwar da ta ba da anini biyu ma an yabe ta, amma ba wanda ya yi ciniki da ita ya sa mata rana. Duk wanda ya ce kawo ɗaya ki karɓi goma ran kaza, ko da Littafi a hannunsa, sana'arsa ɗaya da ta masu MMM, waɗanda suka rufe asusun mutane a watan Disamba 2016 ana shirin Kirsimati. Na tuna ina makarantar sakandare a lokacin, na ga manyan mata suna kuka a bakin majami'a. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen dā, amma ni na ga tsoro ma yana da nasa mabuɗin, shi ne kuwa ya fi kama mata irinmu.

Zancen yarinya ya fi wuya, ba zan yi kamar mai sauƙi ne ba. Ƙanwar mijinki mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta zo, akwai kuma yaran da riƙo ya zame musu alheri. Amma riƙo dabam, aikatau dabam. In za a aiko da kuɗi kowane wata, to, ba riƙo ba ne, ƙwadago ne, mai ƙwadagon kuwa shekararta 13. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na fari, watau firamare da ƙaramar sakandare, tilas ne ga kowane yaro, kyauta kuma a makarantun gwamnati, ko da ya ke dukanmu mun san 'yan kuɗaɗen da a kan nema a gefe. 'Yarki ba ta gama waɗannan ba. A ajina akwai kujerar da ta zama wofi haka, aka ce mini wata uku kawai za ta yi ta dawo. Har yau ban sake ganinta ba. In da ni ce, ba zan bayar ba. In kuwa ku da maigida kun ga ba makawa, to, ku san sunan masu gidan da inda su ke, ku san makarantar da za ta shiga da wanda zai biya, ku ji muryarta a waya kowane mako ba da wani tsaye a kanta ba, dattawan ikilisiya kuma su zama shaidu. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa.

Wata za ta ce, to, yaya zan san shawarar da ta zo mini daga Allah ce? Ni dai ban taɓa jin murya daga sama ba. Amma Yakubu, a ƙarshen sura ta 3, ya ba mu ma'auni, ya kwatanta hikimar da ke daga bisa da wadda ke ta ƙasa. Ku karanta da kanku. Abin da na koya daga wurin, da kuma daga wautata, shi ne in yi wa kowace shawara tambaya. Tana bukatar in ɓoye ta ga mijina, ko uwata, ko fasto? Tana cewa yau yau, in an kwana ta wuce? Wani marar ƙarfi ne zai biya kuɗinta, kamar yaro ko tsoho? Zan iya yin godiya a kanta a gaban zumunta ba tare da na rage wani abu cikin labarin ba? Rancen nan nawa ya faɗi uku cikin huɗun nan. Da na kwana ɗaya kawai na faɗa wa mutum ɗaya, da ban ci ba.

Ba cewa na ke yi hikima kullum jinkiri ce ba. Abigel, matar Nabal, da ta ji Dawuda na tafe da mutum 400 da takuba saboda rashin kunyar mijinta, ba ta tsaya ba, ta ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da sauran kaya a kan jakuna ta tare shi a hanya, ta ceci gidan duka. Ita sauri ta yi don ta hana ɓarna. Wanda a ke sa mu yi kuwa, don kada mu sami damar tunani ne.

Ku 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen iyaye ne. Na san halin da a ke ciki in kuɗin jarrabawa ya zo gida ba ko sisi, ga wani mai mota yana cewa shi zai biya. Ni ma an faɗa mini haka a kwaleji. Ku gwada shi da tambayar fari kawai: za ki iya faɗa wa mamarki? Ki sami malama ɗaya da kika amince da ita ki gaya mata gaskiya. Mu malamai ba mu da kuɗi, kowa ya sani, amma mun san ƙofar shugaban makaranta, mun san yadda a ke roƙon a biya kaɗan kaɗan.

Yanzu kuma gare mu, matan zumunta. Wannan 'yar'uwa wata biyu mijinta na kwance, ta rasa wanda za ta tambaya sai jarida. Ina mu ke? Yakubu ɗin nan da mu ke karantawa ya yi wa masu sallamar mayunwaci da fatar baki faɗa ƙwarai a sura ta 2. Kowace shekara muna fitar da sabon anko don taro, ba na ƙin ado, ni ma ina da nawa, amma kuɗin zane ɗaya ya isa mudun masara da yawa. Sau da dama hikimar da mace ta roƙa cikin dare, Allah a bakin maƙwabciyarta ya ajiye ta, maƙwabciyar kuwa ba ta leƙo ba. Ni tawa da ƙwaryar acca ta zo.

Ban manta ba akwai masu karanta filin nan da wahalarsu ta wuce ta kuɗi. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya sun ga abin da ba ya faɗuwa a 2014, shekarar da aka sace 'yan mata 276 a Chibok cikin watan Afrilu, aka kuma ƙwace hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi cikin watan Oktoba, har shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. Ga irin waɗannan ba ni da bakin cewa ku yi kaza kome zai gyaru. Abin da na sani shi ne, cikinsu akwai mace, Dokta Rebecca Dali, wadda ta bi 'yan gudun hijira tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, tana raba wa gwauraye da marayu abin da ya samu. Ba ta iya tsai da yaƙin ba. Ta dai gane aikin da ke gabanta, ta kama.

To, Yaya, ga abin da na ke roƙonki ki yi cikin makon nan. Ki ci gaba da addu'a, amma ki ƙara roƙon nan da ni na manta. Ki zauna kusa da maigida, ku rubuta bashin duka a takarda, kowa da abin da ya ke bi, gama ciwon ƙafa bai hana shi shawara ba, kada ki mai da shi baƙo a gidansa. Ki je wurin mai shago da mai gidan haya da ƙafarki tun ba su zo ba, ki faɗi abin da za ki iya biya kowane mako, kome ƙanƙantarsa, ki kuwa cika. Ki gaya wa uwar zumuntarku kome. Sa'an nan ki ɗauki rigar makaranta ɗaya da kika ɗinka da kyau, ki kai wa shugabannin makarantun da ke kusa da ku su gani, tun sabon zango bai zo ba, gama iyaye da yawa sun fi son tela na unguwa da zai karɓi kuɗi sau biyu.

Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya, ko da labarin bai yi daɗi ba. Ki gai da maigida da jiki, Allah ya ba shi sauƙi. Ki kuma faɗa mini ajin da yarinyar ta ke, ina da littattafan lissafi da na Turanci na ƙaramar sakandare da ba na amfani da su, zan bar su a ofishin edita da sunan Filin Mata.